Dorugu: Yaron Damagaram da ya ratsa Sahara ya bar mana labari

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na je gida Birnin Kudu kamar yadda na saba. Bayan an ci an sha, 'yan barka da Sallah sun ragu, sai wani ɗan yayata, saurayi mai shekara 22 da ya gama sakandare ya rasa abin yi, ya biyo ni zaure ya durƙusa. Na ɗauka kuɗin makaranta zai roƙa, ashe gudummawar kuɗin mota yake nema a wurin kawunsa, wai shi da abokansa biyu sun yanke shawarar tafiya Libiya neman arziki. Ya jero mini zangunan hanyar ɗaya bayan ɗaya kamar mai biya karatun allo: Kano, Damagaram, Agadas, Dirku, Gatrun, Sabha, sannan Tarabulus. Da ya gama sai na tambaye shi ko ya taɓa jin labarin wani yaro Bahaushe da ya bi mafi yawan wannan hanya tun ba a haifi kakan kakansa ba, ya kuma bar mana bayanin tafiyarsa da bakinsa. Ya ce bai taɓa ji ba.

Ban ga laifinsa ba, domin ni kaina da nake cin abinci da nazarin harshe sai da na yi nisa a karatun jami'a kafin na ci karo da sunan Dorugu, shi ma a ƙasan shafi, da ƙananan haruffa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ɗauki alƙalami in gabatar wa masu karatun wannan shafi rayuwar wannan bawan Allah, wanda ya rasu a Kano a 1912, kuma har yau harshen Hausa yana cin moriyar wahalar da ya sha.

Asalinsa da shigarsa bauta

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Mahaifinsa, Kwage Adamu, talaka ne mai noma da kiɗa. A wancan zamani Damagaram tana ƙarƙashin Borno, tana kai gaisuwa Kukawa, kuma bayi suna daga cikin manyan kayan da ake biyan wannan gaisuwa da su. Saboda haka talakan ƙauye ba shi da kwanciyar rai, domin harin da zai cinye shi yana iya fitowa daga abokan gaba, yana kuma iya fitowa daga waɗanda ya kamata su kare shi. Irin wannan hari ne ya fara raba Dorugu da mahaifiyarsa, daga baya shi ma aka kama shi yana ɗan yaro, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu.

A daidai wannan lokaci ne wasu baƙi Turawa suka sauka a Borno. Gwamnatin Ingila ce ta turo su su binciki ƙasashen da ke kudu da Sahara, su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna. Su uku ne suka taso daga Tarabulus a watan Maris na 1850: shugabansu James Richardson, Baturen Ingila, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Richardson bai kai Kukawa ba, ya rasu a hanya a watan Maris na 1851. Barth ya ɗauki sunan Abdulkarim, shi kuwa Overweg mutane suka riƙa kiransa Tabib, wato likita, saboda magungunan da yake bayarwa. Shi wannan Tabib ne ya fanshi Dorugu da wani yaro Bamarge mai suna Abbega, ya 'yanta su, suka zauna suna yi masa hidima. Da ajali ya riski Overweg a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba na 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Abdulkarim.

Makarantar farko: Kukawa zuwa Tambutu

A ƙarshen Nuwamba na 1852 Barth ya tashi daga Kukawa ya nufi yamma, Dorugu yana cikin masu kula da raƙuma da hidimar masauki. Sun bi ta Damagaram da Katsina, suka isa Wurno da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka wuce Gwandu a zamanin Halilu, suka ƙetare Kwara a garin Sayi, suka ratsa ƙasar Liptako da duwatsun Hombori, har suka shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853. Zaman Tambutu bai zo da sauƙi ba, domin akwai masu neman ran baƙon Nasara, kuma in ba don Allah Ya sa Shehu Ahmad al-Bakka'i na Kunta ya ba shi mafaka ba, da labarin ya ƙare a nan. Sai a watan Mayu na 1854 suka samu fita, suka biyo gaɓar Kwara ta Gawo, suka komo Sakkwato, suka iso Kano a watan Oktoba. Daga Kano suka nufi gabas ta Gumel, wato sun taka ƙasar da a yau muke kira Jigawa, suka koma Kukawa a watan Disamba.

Mai karatu ya lissafa: yaron da bai wuce shekara goma sha biyar ba ya riga ya ga fadar Borno, da fadar Sakkwato, da kasuwar Kurmi, da masallatan Tambutu. Malamai da sarakuna da yawa na zamaninsa sun rayu sun mutu ba su ga rabin wannan ba. Amma babbar tafiyar tana gaba.

Ratsa hamada

A watan Mayu na 1855 Barth ya yi sallama da Shehu Umar, ya kama hanyar gida da ɗan ƙaramin ayari tare da wasu fataken Tubawa. Dorugu da Abbega suna ciki. Hanyar da suka bi ita ce tsohuwar hanyar Borno zuwa Fazzan, wadda fatake suka shafe ɗaruruwan shekaru suna bi, kuma tsakanin Kukawa da Tarabulus ya haura kilomita 2,000. Abin da ya ƙara wa tafiyar tsanani shi ne lokacin da aka yi ta, wato tsakiyar zafi, sa'ad da rairayi yake ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Dole ta sa aka riƙa yin dogon zango da dare, da rana kuma a fake.

Da suka bar gefen Tafkin Chadi ta Ngigmi, sai suka shiga jejin Tintumma, inda ciyawa take ƙarewa sannu a hankali har ido ya daina ganin komai sai rairayi. A irin wannan wuri rayuwar matafiyi tana rataye ne a kan abu uku: salkar ruwa, da lafiyar raƙumi, da idon jagora. Rijiyoyi su ne garuruwan hamada, kuma kowane bafatake ya haddace sunayensu: Agadem, Dibbela, Zau. Wasu ruwansu akwai kanwa da zartsi, yana ɓata ciki, amma ba zaɓi. In ayari ya kuskure rijiya da tazarar yini ɗaya, ko ya iske iska ta binne ta, to sai dai wani ayarin ya zo ya tarar da ƙasusuwa.

Maganar ƙasusuwa kuwa ba kwalliyar zance ba ce. Turawan da suka riga Barth bin wannan hanya a 1822, wato Denham da Clapperton da Oudney, sun ba da labarin ƙasusuwan mutane birjik a bakin rijiyar Meshru, tsakanin Tummo da Tejerri. Ƙasusuwan bayi ne, yawancinsu yara da 'yan mata daga Borno da ƙasar Hausa, waɗanda aka koro a ƙasa, ƙishi da gajiya suka kashe su suna hangen ruwa. A duk lokacin da na zo wannan gaɓa ta labarin sai jikina ya yi sanyi, domin Dorugu ya san cewa da ciniki ya faɗa wa wani Balaraben Fazzan a kasuwar Kukawa maimakon Tabib, da wannan hanyar dai zai bi, amma da igiya a wuya. Ya ratsa ta yana ɗa, yana kallon makomar 'yan uwansa da ba su yi irin sa'arsa ba.

Tsakiyar hanya akwai dausayoyin Kawar, inda Bilma da Dirku suke. Nan ne mahaƙar gishirin da kakanninmu suka ci: kantu da beza da Abzinawa suke ɗorawa dubban raƙuma duk shekara su kai Agadas, daga nan su gangaro Damagaram da Kano, su musanya da gero da tufafi. Yaron da ya saba ganin kantun gishiri a kasuwa, yau ga shi a bakin ramin da ake ƙafe shi. Daga Kawar suka hau tudun duwatsu na Tummo, suka gangara Tejerri da Gatrun, garuruwan farko na Fazzan, inda dabino ya maye gurbin gero a matsayin abincin mutum da na dabba. Ina so ɗan yayata da ire-irensa su lura cewa daga Dirku zuwa gaba, hanyar da motocin Hilux suke bi a yau ita ce wannan, ba ta sake ba.

Murzuk da Tarabulus

A watan Yuli suka shiga Murzuk, babban birnin Fazzan. Gari ne mai ganuwar ƙasa, da sojojin Turkawa, domin tun 1835 Daular Usmaniyya ta Istanbul ta karɓe mulkin Tarabulus kai tsaye daga gidan Karamanli. Murzuk ta yi ƙaurin suna wajen zazzaɓi saboda fadamun gishiri da suka kewaye ta, ta kuma yi suna a matsayin babbar mahaɗar ayarori, inda hanyar Borno take haɗuwa da ta Gat da ta Masar. Tun 1843 Ingila ta ajiye ƙaramin jakada a garin, kuma cikin aikinsa har da sa ido a kan cinikin bayi. A kasuwar Murzuk Bahaushe ba ya rasa wanda zai yi magana da shi, domin Hausa da Barbarci suna yawo a bakin bayi da 'yantattu da fatake.

Abin da ke shimfiɗe a wannan kasuwa Dorugu ya san rabinsa tun daga gida. Barth ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu, ya kuma ƙiyasta mazauna Kano a kan 30,000, adadin da kan ninka a lokacin ciniki. Tare da tufafin akwai jar fatar akuya da Turawa suka riƙa laƙaba wa sunan Maroko, da hauren giwa, da gashin jimina. Abin da ke gangarowa kudu kuwa ya haɗa da takarda, da alharini, da duwatsun ado, da allurai, da ruwan takubba na Jamus, da sukari.

A nan ne mai nazarin harshe yake ganin sawun ayari a cikin bakinmu. Alharini da allura da almakashi da alƙalami da albasa duk daga Larabci suka shigo, da harafin ma'arifa na Larabci manne a goshinsu. Raƙumi da azurfa daga harsunan Barbar na arewa muka aro su. Takarda kuwa ta bakin Abzinawa ta iso mu, kuma in aka bi salsalarta sai a dangana da Latin na Rumawa. Kai, ita kanta kalmar Bature da Larabawan arewa aka fara kiranta, shi ya sa unguwar da fataken Gadamas da Tarabulus suka zauna a birnin Kano ake ce mata Dandalin Turawa. Dorugu ya bi waɗannan kalmomi a ƙasa har ya kai inda suka fito.

Daga Murzuk suka yi arewa ta Sokna. Ƙasar ba ta zaune lafiya a lokacin, domin wani shugaban Larabawa mai suna Guma ya ɗaga wa Turkawa tuta a duwatsun yammacin Tarabulus, hanyoyi suka cika da fargaba. Duk da haka Allah Ya kai su Tarabulus a ƙarshen watan Agusta na 1855, bayan kusan wata huɗu da barin Kukawa.

Tarabulus ta wancan lokaci birni ne mai ganuwa a bakin Bahar Rum, da jar fadar gwamna a gefen tasha, da rufaffun kasuwanni irin su Kasuwar Turkawa, da masallacin Ahmad Basha Karamanli, da masallacin Gurji wanda bai daɗe da ginuwa ba, da tsohuwar ƙofar dutse ta Sarkin Rum Markus Awreliyus wadda ta girmi Musulunci da ƙarnoni. A lungunanta ana jin Larabci da Turkanci da Italiyanci da harshen Malta, ga Yahudawa masu ƙira da canjin kuɗi, ga kuma baƙaƙen fata 'yan uwansa. Mai karatu ya kwatanta halin yaron da ruwa mafi girma a saninsa shi ne Chadi da Kwara, yau ga shi tsaye a gaban ruwan da ba a hangen ɗaya gaɓarsa, kuma an ce masa cikinsa za a shiga. Kwanaki kaɗan suka yi, suka hau jirgi mai tafiya da tururi zuwa Malta, daga nan Marsel a Faransa, suka ratsa ta Faris, suka isa Landan ranar 6 ga Satumba, 1855.

Ya kamata a sani cewa Hausawan Tarabulus da Tunis sun ci gaba da zama al'umma har bayan da Istanbul ta haramta cinikin baƙaƙen bayi a 1857. A Tarabulus ne C. H. Robinson, mai ƙamusun Hausa, ya zauna yana koyon harshen kafin ya zo Kano a 1894. A can ne kuma Dokta Miller na Zariya ya fara koyon tasa Hausar. A 1914 wani Bature mai suna Tremearne ya wallafa littafi guda a kan bori a tsakanin Hausawan Tunis da Tarabulus. Wato Afirka ta Arewa ta daɗe tana zama ajin koyon Hausa, kuma malaman ajin yawancinsu bayi ne da 'ya'yan bayi waɗanda ba a rubuta sunayensu ba.

A Turai: mai kallo ya zama abin kallo, ya kuma rama

Barth ya tafi da yaran biyu Hamburg, garinsu, da wasu biranen Jamus, sannan suka komo Ingila. A nan ne suka haɗu da James Frederick Schön, wani Bajamushe ɗan mishan da ya shiga tafiyar binciken Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma wallafa ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Schön yana da ƙishin harshen amma ba shi da mai shi a kusa, sai ga Allah Ya kawo masa Bahaushe har gida. Yaran suka koma gidansa a Chatham, abin da ya haddasa saɓani tsakaninsa da Barth, wanda ya yi niyyar mayar da su Afirka. Abbega ya komo a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864.

A cikin waɗannan shekaru Dorugu yana faɗa Schön yana rubutawa. Ya ba shi labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Landan, ya ba shi tatsuniyoyi da labarai da kalmomi, ya taimaka masa wajen fassara. Daga wannan zama ne aka samu nahawun Hausa na Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, wanda a cikinsa labarin Dorugu yake. Aikin ya jawo wa Schön lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Barth ma ya fitar da labarin tafiyarsa cikin mujalladi biyar a 1857 da 1858, sunansa ya cika duniya. Yaron da ya ja raƙumin wannan, ya kuma sa wa wancan Hausa a baki, bai samu ko takardar shaida ba.

Abin da ya fi burge ni a labarin Dorugu shi ne inda idonsa yake kallo. Tun daga Ibn Battuta da ya zo Mali da Takedda a 1352 da 1353, zuwa Hasan al-Wazzan da Turawa suke kira Leo Africanus, zuwa Clapperton da Barth, kullum baƙo ne yake zuwa daga arewa ya dube mu ya rubuta yadda muke ci da yadda muke sutura. Dorugu ya juya madubin. Ya zauna a teburin cin abincin Ingilishi ya bayyana yadda suke jera maza da mata da yadda ake kawo abinci kashi kashi, ya lura da yadda Jamusawa suke son taba, ya auna duk abin da ya gani da mudun gida, ba tare da rawar jiki ko ƙasƙantar da kai ba. Rubutun Hausa na ajami ya girme shi, domin malaman jihadi irin su Nana Asma'u sun bar mana waƙoƙi masu yawa, amma wannan waƙa ce ta wa'azi da ilimi. Dogon zube na Hausar yau da kullum, da bakin talaka, a kan abin da ya gani da idonsa, da wuya a samu wanda ya riga na Dorugu.

Ga masu nazarin harshe kuwa wannan taska ce. Hausar Damagaram ce ta tsakiyar ƙarni na 19, kafin boko da rediyo su goge bambancin karin harshe. Gaskiya ne rubutun Schön yana da rauni, domin bai bambance ƙ da k ko ɗ da d yadda muke yi a yau ba, haruffa masu lanƙwasa sai a shekarun 1930 suka zauna. Amma wanda ya san harshen zai ji muryar yaron tana fitowa ta bayan kurakuran marubucin.

Komowa gida da rasuwarsa

Da ya komo a 1864, Dorugu ya zauna a yankin Lakwaja da ƙasar Nufe yana aikin tafinta tsakanin Turawa da sarakuna. A ƙarshen rayuwarsa ya dawo Kano, ya shiga cikin malaman makarantar Nassarawa da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Abin mamaki, shi ma Ɗan Hausa ya ratsa wannan hanya ta Tarabulus da Murzuk da Bilma zuwa Borno a 1906, sai dai shi daga arewa ya taso. Ke nan a farfajiyar makarantar boko ta farko da gwamnati ta kafa a Kano an haɗa mutum biyu da suka san rijiyoyin Kawar, tsakanin tafiyarsu shekara 51. Dorugu ya rasu a 1912 yana da shekara saba'in da 'yan kai. Cikin kayan da ya bari an tarar da tabarau masu yawa da tufafin Turai da kuɗin da ya daɗe yana adanawa.

Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, wanda daga baya ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, suka fitar da fassarar labarinsa cikin Ingilishi a Amurka, haɗe da labarin Maimaina na Jega, jikan Abbega. Wato ɗalibin Amurka ya fi ɗalibin Birnin Kudu ko na Gwaram saukin samun Dorugu.

Me ya sa muka manta da shi?

A ganina dalili biyu ne, kuma duka biyun ba su yi mana daɗin ji ba. Na farko, bawa ne ɗan makaɗi, mu kuwa tarihinmu na sarakuna ne da malamai. Na biyu, a zamansa na Ingila an yi masa baftisma aka sa masa suna James Henry, kuma wannan ya isa ya sa wasunmu su kau da kai. Ni Musulmi ne, ba na kuma murna da wannan ɓangare na labarin. Amma adalci ya sa in tambaya: wa ya raba yaron da uwarsa da ubansa? A kasuwar wa aka yi cinikinsa? Al'ummar da ta sayar da ɗanta yana ƙarami ba ta da bakin tuhumar inda ya ƙare. In har akwai abin kunya a wannan labari, kasonmu ya fi nasa.

Kusan duk wanda ya yi makaranta a Arewa ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ya kuma tausaya wa yaron da aka ratsa da shi hamada da uwar da ta bi sawunsa har Murzuk da Tarabulus. Wancan ƙagaggen labari ne. Ga na gaske nan a hannunmu, da sunan mutum da sunan ƙauyensa, amma ba ya cikin manhajar kowace makarantar sakandare da na sani.

Kada kuma wani ya ce wannan tsohon zance ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishi ya kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, wato mahaifar Dorugu. A watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya hoton yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, ta kuma soke ta a Nuwamba na 2023. Raƙumi ya zama mota, madugu ya zama direba, amma rijiyoyin ba su matso kusa da juna ba. Bambancin kawai shi ne, a da da igiya ake jan yaranmu zuwa can, yanzu kuwa su suke sayar da gonar gado su biya kuɗin mota.

Saboda haka ina kira ga sassan Hausa na Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, da takwararsu ta Damagaram, su haɗa hannu su sake fitar da labarin Dorugu cikin daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, da taswirar hanya da ɗan sharhi, a farashin da ɗalibi zai iya saye. Aikin bai fi ƙarfin malamai uku da hutun zango ɗaya ba, domin littafin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka. Ma'aikatun ilimi na Jigawa da Kano su sa shi a gefen Shaihu Umar. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, wanda baƙi suke ziyarta, ya dace a ce akwai kusurwa guda da ke ɗauke da sunan wannan malami.

Shi kuwa ɗan yayata, ban ba shi kuɗin motar ba. Na zaunar da shi a zauren nan har bayan lisha ina ba shi wannan labari, na kuma yi masa alkawarin kuɗin koyon sana'a in ya haƙura. Da na zo kan rijiyar Meshru ya yi shiru, ya daɗe yana kallon ƙasa. Har na baro Birnin Kudu bai ce mini ya fasa ba, amma dai bai tafi ba. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma Dorugu ya tabbatar da haka, sai dai ilimin yana ga wanda ya dawo da rai ya ba da labari. Allah Ya kare mana zuriya, Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin arziki a gida, Ya komo da na nesa lafiya, amin.